Ko Ana Sayen Barci?

Cikin kyautar da Allah ya yi wa ɗan Adam, da wuya a sami wadda a ke renawa kamar barci. Sarki da bafade, attajiri da mai tallan ruwa, kowa in dare ya yi sai ya miƙe ƙafa, ba wanda a ke tambaya ko anini. Don haka ba a sanin darajarsa sai ran da ya ƙi zuwa. Wanda ya taɓa kwana ido biyu, ya ji haushin karen farko, ya ji carar zakaran ƙarshe, yana ta juyi bisa tabarma alhali gida duk ana minshari, shi ya san dare yana da tsawo. In abin ya kai mako biyu ko wata guda, sai ka ga mutum ya rame, ya yi saurin fushi, abinci ya fita ransa, aikin da ya saba gamawa da hantsi ya kai shi la'asar. Irin wannan mutum, ko me aka ce masa magani ne, miƙa hannu zai yi.

To, a zamanin nan an sami wata tambaya da ke yawo a bakin samari, har da waɗansu magidanta: wai wace irin tabar wiwi ce ta fi sa barci? Asalin tambayar daga ƙasashen da suka halatta sayar da ita ne, inda a ke jera ta a kanti kamar turare, ko wace iri da sunanta. Amma tun da wayar hannu ta shiga aljihun kowa, magana ba ta bukatar mota. Abin da aka faɗa a Kanada da safe, kafin azahar ya iso Birnin Kebbi da Kalgo da Gwandu, har saurayin da ke zaune gindin darbejiya a Cheberu ya ji. Ka lura, ya kai mai karatu, mai wannan tambaya bai ce in sha ko kada in sha ba. Ya riga ya tsallake nan, abin da ya rage masa zaɓe ne kawai. Da sauƙi a ce masa ɗan iska a wuce, amma zagi bai taɓa sa kowa barci ba. Gara mu zauna mu auna tambayar tasa, mu ga ko akwai abin zaɓa a ciki, in kuwa akwai, mu ga ko barci ne a ke samu.

Mu fara da ita tabar. Kakanninmu ba su saba da ita ba. Sun san taba gari, sun san goro, sun san zaƙami da a ke yi wa laƙabi da haukata-yaro. Malamai kuwa sun san sunan hashisha, amma a littafi. Asalin itacen daga tsakiyar Asiya ne, ya kuwa daɗe a Hindu da Misira da gabashin Afirka. Masana tarihi sun ce bai bazu a Nijeriya ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, watau bayan 1945, sa'ad da sojanmu suka komo daga Hindu da Bama, ga kuma ma'aikatan jiragen ruwa masu sauka Ikko. Daga nan aka fara nomanta a kurmi, har yau kuwa dazuzzukan Ondo da Edo da maƙwabtansu su ne gonarta. Gwamnatin soja ta 1966 ta kafa mata doka mai tsanani ƙwarai, kisa ko ɗaurin shekara 21 ga mai noma ta, shekara 10 ga mai shan ta. A 1975 aka sassauta, a 1989 kuma aka kafa hukumar NDLEA don yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Har yanzu noma ta da sayar da ita da shan ta laifi ne mai kai mutum kurkuku. Duk da haka rahoton 2018, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta shirya tare da wani ofishi na Majalisar Ɗinkin Duniya, ya nuna mutum wajen miliyan 10.6 sun sha wiwi a ƙasar nan cikin shekara guda. Ka ga ke nan tsoron kurkuku shi kaɗai bai isa ba, sai an yi wa hankali magana.

Masu kantunan can sun raba ta gida biyu. Ɗaya su ce mata indika, wai ita ce ta dare, mai kashe jiki. Ɗayar su ce satiba, wai ta rana ce, mai wartsakarwa. Sunayen tsofaffi ne. Wani masanin tsirrai na ƙasar Suwidin, Liniyas, shi ya raɗa sunan satiba a 1753, wani Bafaranshe kuma, Lamark, ya raɗa indika a 1785 ga irin da aka kawo daga Hindu. Abin da suka fi dubawa shi ne siffar itacen, tsayinsa da faɗin ganyensa, kamar yadda manomi kan bambanta gero da maiwa. Tun daga lokacin an yi ta haɗa iri da iri har sun cakuɗe, ba a san uwa ba balle uba. Abin da ke aiki a jikin mutum kuwa ba ganye ba ne, sinadaran da ke cikinsa ne, sun kuwa fi ɗari. Manyansu biyu ne. Akwai THC, wanda waɗansu masana biyu suka ware a Isra'ila a 1964, shi ne mai juya hankali. Akwai kuma CBD, shi ba ya bugarwa. A 2022 malaman jami'ar Kolorado ta Amurka da abokan aikinsu suka duba sakamakon awon samfurin wiwi kusan 90,000 daga jihohi shida da a ke sayar da ita bisa doka. Sai suka tarar sunan da ke jikin kwalba ba ya faɗin abin da ke ciki. Sau da yawa wadda aka rubuta wa indika da wadda aka rubuta wa satiba abu ɗaya ne, galibinsu kuma THC ne ya cika su.

To, in a ƙasar da ke da ɗakin awo da ma'auni da hatimin hukuma haka abin ya ke, ina ga ƙullin da a ke miƙa maka bayan tasha da duhun magariba? Mai sayarwa bai noma ba, bai auna ba, bai san hannu nawa ta bi ba kafin ta zo nasa. Zai ce maka wannan Arizona ce, wannan Laud, wannan Kolorado, kai kuwa ba ka da shaida sai bakinsa. Ita Kolorado ɗin ma sau da yawa ganye ne kawai da aka fesa wa sinadarin da aka haɗa a ma'aikata, wanda ya fi na itacen ƙarfi nesa ba kusa ba, ya kan jawo jijjiga da suma, har da mutuwa. Irin wannan haɗe-haɗe ne, mai suna kush, ya addabi Saliyo, har shugaban ƙasar ya ayyana dokar ta-ɓaci a kansa a 2024. Ko ta gargajiyar ma ba ta tsaya yadda ta ke ba. A Amurka an auna wadda hukuma ke kamawa, aka ga THC ɗinta ya tashi daga wajen kashi 4 cikin ɗari a 1995 zuwa wajen kashi 12 a 2014. Ashe zaɓen nan da a ke taƙama da shi zaɓen makaho ne a rumfar masu atamfa a kasuwar Jega, dillali yana faɗa masa launi.

Amma bari mu ce an dace, mutum ya sami irin da ya ke nema daidai. Ba za mu ɓoye gaskiya ba: wanda bai saba ba, in ya sha kaɗan, sau da yawa barci kan ɗauke shi da wuri. In da ƙarya ce tsantsa da ba ta yi kasuwa ba. Sai dai a tambaya, wane irin barci?

Mu da mu ke kallon mai barci daga waje mu kan zaci abu ɗaya ne tun daga isha'i har asuba. Ba haka ba ne. Barci kamar gida ya ke, akwai zaure, akwai tsakar gida, akwai ƙuryar ɗaki. Mutum ya kan fara da mara nauyi, ya nutsa cikin mai nauyi, sa'an nan ya fito ya shiga barcin mafarki, ya sake komawa. Ko wane zagaye wajen minti 90 ne, a kan yi huɗu ko biyar a dare. Barci mai nauyi ya fi yawa a farkon dare, a cikinsa jiki ke gyara abin da aikin rana ya ɓata. Barcin mafarki kuwa ya fi yawa wajen asuba. Sai a 1953 aka gane shi, a jami'ar Shikago, da aka lura idon mai barci yana kai da komo ƙarƙashin fatarsa. Masana suna ganin yana cikin lokutan da ƙwaƙwalwa ke adana abin da ta koya, ta kuma sassauta ɗacin abin da ya sami mutum da rana. To, wannan ɗaki THC ke ragewa. Shi ya sa za ka ji wanda ya daɗe yana sha ya ce shi ya daina mafarki, yana faɗi kamar abin alheri. Mutumin da damuwa ta hana barci, ya je ya rufe ɗakin da a ke wanke damuwa, ka ga an gudu gara an faɗa zago.

Ba nan ta tsaya ba. Jiki yana da sabo. Abin da ya kwantar da kai wannan mako, bayan 'yan makonni ba zai kwantar da kai ba sai ka ƙara. In ka ƙara, jiki ya sake sabawa. Ran da ka ce yau ba za ka sha ba, ko kuɗi ya yanke, ko aka kama mai sayarwa, sai rashin barcin ya komo ya fi na da muni, ga gumi, ga fushi, ga miyagun mafarkai masu firgitarwa. A nan ne mutum ke yaudarar kansa. Sai ya ce, kun gani ko, ni in ba da ita ba ba na barci. Bai san cutar da ya ke ji yanzu ita ta haifar masa ba. Duk manomi ya san wannan ciniki. Shi ne na wanda ya ci buhu ɗaya bashi da damina, ya biya biyu da kaka, rumbu ya ƙare tun kafin bazara, ya koma wurin mai bashin. Barcin daren yau an ciro shi daga na watan gobe, da ruwa a kai. Wani bincike da aka buga a 2021, a kan mutum fiye da 21,000 a Amurka, ya nuna masu shan wiwi sun fi waɗanda ba su sha faɗawa cikin ɗayan biyu: ko barcin da bai kai sa'a shida ba, ko wanda ya zarce tara. Binciken bai raba gardamar wanne ya fara ba, shan ko rashin barcin, amma ya isa ya nuna masu sha ba su ne masu daɗin kwana ba.

A ganina nan ne zuciyar maganar ta ke. Abin da ya ɗaukaka mutum bisa dabba shi ne ikon zaɓe, ya ga hanya biyu ya auna ya bi ɗaya, ya kuma iya juyowa in ya ga ya ɓata. Mai tambayar wace iri ce ta fi yana jin kansa mai hankali ne, ba kamar mashayan banza ba, gama shi da ilmi ya ke sha, don lafiya. Amma abin da ya ke zaɓa shi ne abin da ke cinye ikon zaɓen. Daren farko shi ya je wurinta. Dare na ɗari ita ke aikowa a kira shi. Likitoci sun ƙiyasta cikin masu sha wajen ɗaya bisa goma kan kamu har su kasa bari, in kuwa tun suna yara suka fara, wajen ɗaya bisa shida. Wani babban bincike na 2019, a garuruwan Turai da Barazil, ya tarar mai shan irin mai ƙarfi kullum ya fi wanda bai taɓa sha ba haɗarin taɓuwar hankali kusan sau biyar. Mai sha don barci kuwa ai mai sha kullum ne, tun da dare ba ya fashi.

Kada a zaci malamanmu ba su taɓa duban wannan al'amari ba. Shihabuddin Alƙarafi, babban malamin Malikiyya na Misira wanda ya rasu a 1285, ya zauna a zamanin da hashisha ta yi yawa a ƙasarsu. Cikin littafinsa Alfuruƙ ya raba abubuwan da ke taɓa hankali gida uku. Akwai mai sa maye, wanda ke gusar da hankali tare da nishaɗi da jin ƙarfi, kamar giya. Akwai mai ɓata hankali ba tare da wannan nishaɗi ba. Akwai kuma mai kwantarwa, wanda ke ɗauke hankali da ji da gani gaba ɗaya. Shi ya sa hashisha cikin masu ɓata hankali, Ibn Taimiyya kuwa, wanda ya rasu a 1328, ya ce maye ce sosai kamar giya. Sun saɓa a kan suna da irin horon da za a yi, amma ba su saɓa ba a kan cewa shan abin da ya kai ga taɓa hankali haram ne. Abin lura a nan shi ne gida na uku. Ko abin da aikinsa kwantarwa ne kawai, ba su ɗauke shi kamar barcin Allah da Annabi ba. Sun lissafa shi cikin masu gusar da hankali, suka yarda da shi a wurin lalura, kamar in za a yanke wa mutum gaɓar da ta ruɓe.

Suna da hujja kuwa. Barci na gaskiya ya kan bar ƙofa a sakaye. Uwa tana barci, jaririnta ya motsa ta farka. Magidanci yana barci, ya ji akuya ta yi kukan da ba ta saba ba, ya tashi ya duba garke. Ladan ya ɗaga murya, mutum ya miƙe garau. Wanda ya kwanta da hayaƙi a kansa kuwa ya kan tashi da nauyin jiki, hankali bai gama komowa ba. A wannan zamani da ɓarayin daji suka hana ƙauyuka da yawa na Kebbi da Sakkwato da Zamfara sakewa, mai gida bai mallaki darensa shi kaɗai ba, akwai haƙƙin waɗanda suka kwanta bisa amanarsa.

Yanzu sai mu saurari mai gardama, gama yana da magana mai nauyi. Zai ce, ai kai da kanka ka ambaci lalura. Rashin barci cuta ne, neman magani kuwa ba laifi ba ne. Allurar kashe zafi da a ke yi wa wanda ya karye a asibiti, ba daga itacen da a ke yin ofiyam a ke samo ta ba? Shi kansa zaƙami, ba akwai sinadarinsa cikin magungunan likita ba? Zai ƙara da cewa a 2018 Amurka ta yarda da wani magani na CBD don wata irin farfaɗiya mai tsanani ta yara, a watan Disamba na 2020 kuma kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ya cire wiwi daga jerin ƙwayoyin da suka fi haɗari, da ƙuri'a 27 a kan 25, ko da ya ke Nijeriya tana cikin waɗanda suka ƙi. Lesoto tun 2017 ta fara ba da izinin noma ta don magani, Maroko, ƙasar Musulmi 'yan Malikiyya kamarmu, ta bi a 2021. To, me ya sa ni za a hana ni?

Duk abin da ya lissafa gaskiya ne, ba kuwa mai cewa Allah ya halicci ganyen nan a banza. Ƙasar Gwandu ma ba ƙasar ƙin magani ba ce. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda kabarinsa ke Gwandu, ya wallafa littafi mai suna Masalihul Insan a kan abin da ke gyara addinin mutum da jikinsa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya yi rubuce-rubuce a kan magunguna, har da filasko. Amma mai gardama ya duba abin da ya mai da waɗannan abubuwa magani. Wanda aka yi wa allurar kashe zafi, akwai wanda ya fara duba shi ya san abin da ke damunsa. Akwai ma'auni, kaza za a ba shi, ba ƙari. Akwai kuma ranar tsayawa, wadda ba majinyaci ke sa ta ba. In ka ɗebe waɗannan, allurar nan ita ce ke kashe mutane a titunan Amurka. Wanne cikinsu mai ƙulli a bayan tasha ya ke da shi? Likitan kirki ya ci nasara ran da ka daina zuwa wurinsa, shi kuwa wancan ya yi hasara ran da ka warke. Har wa yau, malaman fiƙihu sun ce lalura gwargwadonta a ke auna ta, ba ta kuma tabbata sai an rasa wata hanya ta halal. Ga rashin barci kuwa hanyoyi suna nan, galibi ba a ko taɓa su ba. Ko a ƙasashen da suka halatta ta, likitocin barci ba ita su ke fara ba mutum ba, gama shaidar amfaninta na dogon lokaci ba ta da ƙarfi.

Hausawa sun ce jiki magayi. Rashin barci sau da yawa manzo ne, an aiko shi da saƙo, wanda ya kashe manzo kuwa saƙon bai fasa zama gaskiya ba. Ɗauki manomin shinkafa na fadamar Kebbi. A 2015 aka buɗe shirin ba manoma rance a Birnin Kebbi, mutane da yawa suka karɓi taki da iri da injin ban-ruwa. A 2020 ambaliya ta zo ta shafe gonaki masu yawa. Wanda ya kwanta da bashi a wuyansa, ga iyali, ga 'ya ta isa aure, in ya kasa barci ai ba ƙwaƙwalwarsa ce ta lalace ba, lissafi ta ke yi. Hayaƙi zai ɗage lissafin zuwa safiya, ya kuma ƙara masa layi ɗaya, kuɗin taba. Wani kuwa abin da ke hana shi barci a bakinsa ya ke: goro bayan la'asar, shayi mai kauri da Nescafé a teburin mai shayi bayan isha'i. Sinadarin da ke cikinsu, bayan sa'a biyar rabinsa yana nan cikin jini. Wani ɗan kabu-kabu ko lebura ya sha taramol da safe don ya jure aiki, da dare ya nemi abin da zai sauko da shi, jikinsa ya zama jakin da a ke duka gaba da baya. Wani zafin bazara ne da sauro. Wani dattijo fitsari ke ta da shi sau biyar, wanda kan zama alamar ciwon sukari ko kumburin mafitsara. Akwai kuma mai minshari wanda numfashinsa ke tsayawa cikin barci, ya tashi a gajiye, abin da ke tafiya tare da hawan jini. A kan irin wannan ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta yi gargaɗi a 2018 kada a ba shi wiwi. Duk waɗannan, ko wanne da nasa magani, ba kuwa ɗaya cikinsu da a ke naɗewa a takarda.

Mu ma da ba mu sha muna da namu kason laifi. A wurinmu namiji ba ya cewa yana jin tsoro, ba ya cewa bashi ya yi masa katutu, ba ya cewa tun da matarsa ta rasu bai runtsa ba. Kunya ta ɗaure masa baki. In ya faɗa a majalisa sai a ce ya yi haƙuri, a juya hira. Mai sayar da ganye kuwa shi kaɗai ne ke sauraronsa ba gajiya. In saurayi ya kamu, uba ya kore shi daga gida, watau ya miƙa shi ga waɗanda suka koya masa. Aboki ko yaya ko limamin unguwa da zai zauna da mutum sa'a guda ya ji abin da ke cin ransa, ya taya shi zuwa wurin mai bashi a nemi jinkiri, ya yi aikin da ba wani ganye da zai yi.

Abin da likitocin barci ke fara koya wa mutum kuwa ba ya cin ko kwabo, mafi yawansa ma mun gada. A tashi lokaci ɗaya kullum, ko an yi barci ko ba a yi ba. Sallar asuba ta riga ta sa mana wannan. A taƙaita ƙailula, kada ta wuce rabin sa'a. A bar goro da shayi tun azahar. A kashe waya in an kwanta, a ɗaura gidan sauro. In barci ya ƙi zuwa kada a yi ta kokawa da shimfiɗa, a tashi a zauna a wuri mai ɗan duhu, a yi tasbihi ko karatu mai sauƙi, sai gyangyaɗi ya zo a koma. Farkawa tsakar dare ma ba cuta ba ce, mutanen kirki sun daɗe suna tashi su yi nafila su koma. Sau da yawa tsoron rashin barci shi ke korar barci. In an yi wata guda ana haka bai yi sauƙi ba, sai a tafi asibiti a auna jini da fitsari, kada kuma a tsaya kantin magani a sayi ƙwayar barci ba da takardar likita ba, gama ita ma tana da irin wannan kamu.

Wanda ya riga ya saba da wiwi, ya kamata a gaya masa abin da zai tarar in ya bari, don kada ya zaci mutuwa zai yi. Makon farko shi ne mai wuya: ido ya bushe, abinci ya ƙi shiga, rai ya yi ta ɓaci ba dalili. Kada ya yi shi kaɗai, ya sami wani na gida da ya san halin da a ke ciki. In abin ya fi ƙarfinsa, ko ya fara jin muryoyi, ko yana zargin kowa, akwai likitoci a asibitin Sir Yahaya na Birnin Kebbi, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Kware, kusa da Sakkwato, inda ba mahaukata kaɗai a ke dubawa ba, har da masu son rabuwa da shaye-shaye. Miyagun mafarkan da za su riƙa ta da shi cikin gumi, barcin mafarkin nan ne da aka daɗe ana tauyewa ya komo da ƙarfi. Su kan ɗauki makonni, ga waɗansu har fiye da wata guda, sa'an nan su lafa.